A Hannun Wa Kuɗin Yake? Yadda Na Koyi Dillancin Hannun Jari

Bayan rasuwar mahaifinmu a shekarar 2014, Allah ya jiƙansa da rahama, da aka zauna rabon gado sai Kawu ya sa aka buɗe wata tsohuwar adaka da ke ƙuryar ɗakinsa. A ƙarƙashin manyan riguna da takardun filaye muka tarar da ambulan cike da takardun shaidar mallakar hannun jari. Wasu sun yi ja saboda tsufa, domin tun lokacin dokokin 1972 da 1977 ne, waɗanda suka tilasta wa kamfanonin ƙasashen waje su sayar wa 'yan ƙasa wani kaso na jarinsu. Wasu na zamanin kwamitin marigayi Dakta Hamza Zayyad, Wazirin Katsina, ne, wanda ya jagoranci sayar da kamfanonin gwamnati daga 1988. Mafi yawansu kuwa na bankuna ne, Baba ya saye su tsakanin 2004 da 2007, lokacin da Babban Banki ya umarci kowane banki ya kai jarinsa naira biliyan 25, bankunan suka bazama kasuwanni da ma'aikatu suna tallan hannun jari kamar ana tallan goro. Malamin da ya zo rabon gadon ya ƙimanta gida da gona ba tare da wata wahala ba, amma da aka miƙa masa ambulan ɗin sai ya jujjuya ta, ya ce wannan kam sai a nemo wanda ya san kanta. Tunda ni ne na karanta aikin akanta a Jami'ar Bayero, sai aka ɗora mini nauyin, alhali ban taɓa ganin yadda ake sayar da ko hannun jari ɗaya ba.

Na ɗauka aikin mako biyu ne, sai ga shi ya ci fiye da shekara. Kowane kamfani yana da nasa rajistara, wato kamfanin da ke riƙe da littafin sunayen masu jari yake kuma biyan su rabon ribarsu, kuma kusan dukkansu a Legas suke. Kowannensu ya nemi takardar shaidar rasuwa, da takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga kotu, da asusun banki da aka buɗe da sunan dukiyar mamacin, da tabbacin sa hannun wakilan magada daga banki. Abin da ya fi ba ni wahala shi ne sunan Baba, wanda aka rubuta iri uku a takardun, gwargwadon yadda kunnen ma'aikacin da ya cike fom ɗin ya ji shi, sai da na yi ta zaryar kotu ina karɓo takardar rantsuwa cewa duk mutum ɗaya ne. Wani rajistaran ya mayar mini da takarduna har sau biyu a kan harafi ɗaya. A ƙarshe na buɗe asusu ta hannun wani kamfanin dillanci, aka mayar da takardun zuwa lambobi a ma'ajiyar kasuwa, wato CSCS, sannan na cike fom ɗin biyan rabon riba kai tsaye zuwa banki, tsarin da hukumar kula da kasuwar hannayen jari ta ƙasa, SEC, ta shigo da shi a 2015 tare da Babban Banki. Ribar shekaru da dama da ta maƙale ta fito, amma jarin bankunan ya zube ƙwarai tun faɗuwar kasuwa ta 2008, kuma wanda Baba ya zuba a ɗaya daga cikin bankuna ukun da aka ƙwace lasisinsu a watan Agustan 2011 ya tafi gaba ɗaya.

Ranar da na kawo wa dangi lissafi, Kawu ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "To, kai da ka yi boko, duk shekarun nan a hannun wa kuɗin yake? Kuma da an cinye shi, wa za mu kama?" Na yi ta kame-kame, na ambaci banki, na ambaci Legas, na ambaci kwamfuta, amma ni kaina na san ban ba shi amsa ba. Wannan tambayar ce ta sa na nemi aiki a reshen kamfanin dillancin da ya taimake ni, suka ɗauke ni a matsayin mai koyon aiki a farkon 2016.

Maigidana a wurin dattijo ne da ya fara aiki tun ana ciniki da baki, dillalai su taru a zaure ana kiran sunayen kamfanoni ɗaya bayan ɗaya, mai saye da mai sayarwa suna ɗaga murya. Daga bakinsa na fara jin yadda aka gina kasuwar hannun jari ta ƙasa hawa-hawa. An kafa ta a Legas a 1960, ta fara ciniki a 1961 da takardu 19 kacal, aka buɗe reshen Kaduna a 1978, na Kano kuma a 1989. Hukumar SEC ta samu a 1979. Kafin CSCS ta fara aiki a 1997, mutum kan sayi hannun jari ya yi watanni yana jiran takardarsa, wani lokaci ma ta ɓace a gidan waya, kuma sai a 1999 ciniki ya koma kan kwamfuta. Ya kan ce mini kowace ƙa'ida da na gani a littafi, in na bi sawunta zan tarar wani ne ya taɓa yin kuka kafin a rubuta ta. Misalin da ya fi yawan kawowa shi ne na 2008, lokacin da ma'aunin farashin kasuwa ya haura 66,000 a watan Maris, bankuna suna ba mutane bashi su sayi hannun jarin bankunan kansu, kafin shekara ta zagayo kusan kashi biyu bisa uku na darajar kasuwar ya narke. Tsaurara dokokin bashin sayen hannun jari, da ɗaga mafi ƙarancin jarin kamfanin da ke dillanci yana kuma saye da sayarwa don kansa zuwa naira miliyan 300 a wancan lokacin, duk daga wannan ciwon suka fito.

Matakin farko ga mai son zama dillali shi ne jarrabawar cibiyar ƙwararrun dillalan hannun jari, CIS, wadda doka ta ba ta wannan iko a 1992. Na yi rajista a matsayin ɗalibi da takardar digirina, na karɓi manhaja, na ga jarrabawar mataki biyu ce kuma sau biyu ake zama a shekara. Lissafin kuɗi da tattalin arziki ba su ba ni tsoro ba, tunda na yi su a jami'a, amma ƙimanta takardun lamuni, wato takardun bashin da gwamnati ko kamfani ke ci daga jama'a, da yarjejeniyoyin cinikin gaba sun ja ni ƙasa, har na faɗi takarda ɗaya a zaman farko na mataki na biyu. Dalilin faɗuwar a bayyane yake gare ni: na haddace hanyar lissafi ba tare da na fahimci abin da ya sa farashin takardar lamuni ke sauka idan kuɗin ruwa ya hau ba. Sai da maigidana ya zaunar da ni ya ce in ɗauka ina da shago da na ba haya a kan kuɗi tsayayye na shekara bakwai, sai hayar shagunan unguwar ta ninka, ya tambaye ni ko mai sayen shagon nan da yarjejeniyarsa zai biya ni farashin da. Daga ranar abin ya zauna mini. Ajujuwan share fagen jarrabawar galibi a Legas da Abuja ake yin su, don haka mu kaɗan da ke Kano muka riƙa haɗuwa a ofis bayan sallar isha'i, muna haɗa kuɗin man janareto, muna bitar tsofaffin tambayoyi. A ganina wannan nisan, fiye da duk wani zancen rashin sha'awa da ake jingina wa mutanenmu, shi ne ya sa dillalan da suka fito daga Arewa ba su da yawa.

Akwai kuma abin da ya dame ni a zuciya, wanda manhajar ba ta tsaya a kansa sosai ba a lokacin, wato matsayin wannan sana'a a addini. Na je wurin wani malamina na fiƙihu da littattafaina, muka yi zama uku. Ya nuna mini cewa mallakar hannun jari tarayya ce a dukiya da riba da asara, kuma abin dubawa shi ne sana'ar kamfanin da yawan bashin ruwan da ke kansa, saɓanin takardar lamuni ta yau da kullum wadda bashi ce da ƙari. Daga baya na tarar kasuwar kanta tana da ma'aunin kamfanonin da suka dace da shari'a tun 2012, wanda aka fitar da kamfanonin giya da taba da bankunan kuɗin ruwa daga cikinsa. Na ci gaba da karanta darasin takardun lamuni domin dole ne in san shi, amma tun lokacin na ƙudurta ɓangaren da zan fi mayar da hankali a kai.

Ina tsakiyar karatun ne, a watan Satumban 2017, ofishin kula da basussuka na ƙasa, DMO, ya fitar da sukuk na farko na gwamnatin tarayya, wato takardar zuba jari bisa tsarin Musulunci, na naira biliyan 100, na shekara bakwai, da kuɗin haya kashi 16.47 cikin ɗari a shekara, ana biya sau biyu. Jihar Osun ta riga ta gwada irinsa a 2013 domin gina makarantu, amma wannan ne karon farko da abin ya zo har ƙofarmu. An ware kuɗin ga hanyoyi 25 a shiyyoyi shida, daga ciki har da sassan hanyar Kano zuwa Maiduguri, da ta Kano zuwa Katsina, da hanyar da ta kewaye Kano ta yamma, kuma da naira dubu goma mutum zai iya shiga. Maigidana ya ba ni tarin fom ya ce in shiga Kantin Kwari, tunda ni ɗan gari ne. Na shiga da ƙwarin gwiwa, na fito da fom ɗina kusan yadda na shiga da su, domin bayanin da na shirya a kaina da Turanci yake, ina buɗe baki sai in ji ina cakuɗa harsuna biyu, mai shago kuma ya ci gaba da auna yadinsa.

Wani Alhaji, babban ɗan kasuwa kuma abokin mahaifina, shi ya ba ni kujera ya ce, "Ɗana, bar karanto mini takarda. Wannan abin bashi ne ko haya? In haya ce, me na mallaka? In na ba ka kuɗina, aljihunka za shi ko ina? In gwamnati ta sauya, wa zan kama?" Tambayar Kawu ce ta sake dawo mini, sai dai a wannan karon ina da abin faɗa. Na ce, "Ranka ya daɗe, kuɗinka ba ya kwana a hannuna, banki zai tura shi asusun da aka keɓe. Akwai kamfani na musamman da aka kafa domin wannan aikin kaɗai, shi ke riƙe da hanyoyin a madadinku, gwamnati kuma ta karɓe su haya tana biyan ku duk wata shida, in shekara bakwai ta cika ta saye su ta mayar muku da uwar kuɗinku. Akwai amintattu masu lasisi da aikinsu shi ne tsare haƙƙinku, kwamitin malaman da ke ba Babban Banki shawara kan hada-hadar kuɗi ta Musulunci ya duba tsarin ya amince, sunanka kuma yana rubuce a ma'ajiya, ba a littafina ba. In ni na cuce ka, ka kai ƙarata hukumar SEC, in ba ka gamsu ba akwai kotu ta musamman ta harkar zuba jari." Ya yi shiru, sannan ya ce wannan ya yi kama da tsarin fatoma da mai gida da shaidu a cinikin fatake, illa dai an rubuta shi. Ya saka kuɗi mai kauri, ya kuma kira maƙwabtansa biyu. A ƙasa baki ɗaya an nemi sukuk ɗin fiye da adadin da aka fitar, ya kai kusan biliyan 106.

Tun daga ranar na sayi littafin rubutu na fara tara kalmomin da suka yi aiki a bakin kasuwa. Na lura cewa in na ce "riba" kawai sai a samu ruɗani, domin kalmar tana ɗaukar ribar ciniki tana kuma ɗaukar wadda shari'a ta haramta, don haka na koma cewa "rabon riba" ga abin da kamfani ke rabawa, "kuɗin haya" ga na sukuk, "kuɗin ruwa" ga na bashi. Kwamishon dillali kuwa "la'ada" ce, kalmar da kowane mai sayar da rago ya sani. Wannan aikin ba ya cikin wata jarrabawa, amma na tabbata rashinsa yana cikin abin da ya buɗe wa 'yan damfara ƙofa, domin su suna magana da harshen da mutum yake ji, suna kuma zuwa masa ta hannun wanda ya yarda da shi. Waɗanda damfarar MMM ta cinye wa kuɗi a ƙarshen 2016 da yawansu ba su taɓa jin cewa akwai hukumar da za a tambaya ko kamfani yana da rajista ba.

Na kammala jarrabawar a 2018, aka karɓe ni cikin cibiyar, amma wannan bai ba ni ikon taɓa kuɗin kowa ba. Sai da kamfaninmu ya gabatar da sunana ga hukumar SEC a matsayin ma'aikacin da ya tsaya wa, na kai takardun karatu da na wuraren da na taɓa aiki, na je aka ɗauki hoton yatsuna a wurin 'yan sanda domin tabbatar da cewa ba ni da tarihin laifi, na halarci horon share fagen rajista a Abuja, sannan aka kira ni ganawa. A ganawar babu wanda ya tambaye ni lissafi. An tambaye ni abin da zan yi in babban abokin ciniki ya kawo kuɗi masu yawa ya ƙi faɗin tushensu, da abin da zan yi in shugabana ya ce in sayar da jarin wani ba da izininsa ba, za a mayar kafin ya sani. Bayan nan na yi horon na'urar ciniki a kasuwar kanta, aka rantsar da mu a matsayin masu izinin shigar da ciniki. Ranar da na fara shigar da umarnin saye da hannuna, na ga yadda ya haɗu da na mai sayarwar da ban san ko wane ne ba, bayan kwana uku na aiki jarin ya bayyana a asusun mai shi, kuɗin kuma ya isa ɗaya ɓangaren, ba tare da ɗayansu ya ga fuskar ɗan'uwansa ba.

Abubuwa sun sauya da sauri bayan nan. Annobar korona ta sa an rufe zauren ciniki a watan Maris na 2020, kowa ya koma yi daga inda yake, abin da ya rage mana nisan Legas ƙwarai. A 2021 kasuwar ta tashi daga ƙungiyar dillalai ta zama kamfani mai suna NGX, a ƙarshen shekarar kuma kamfanin MTN ya sayar wa jama'a hannun jari a kan naira 169 ta wayar hannu, na ga ɗalibai da matan aure suna saye ba tare da sun taka ofishinmu ba. Wani ɗan kasuwa daga Maraɗi da ke sauka a wurin Alhaji ya taɓa tambayata ko zan saya masa jarin wani banki na ƙasarsu, na bayyana masa cewa Nijar da wasu ƙasashe bakwai na Afirka ta Yamma masu amfani da sefa kasuwa ɗaya suke da ita a Abidjan tun 1998, da hukumarta da dillalanta, kuma lasisina bai kai can ba. Ya yi dariya ya ce buhun gero ya fi takardata sauƙin tsallaka iyaka, ban kuwa musa masa ba.

A watan Satumban 2024 shekara bakwai ta cika, aka biya uwar kuɗin sukuk na farko. Na tafi Kantin Kwari da farin ciki domin in ji ta bakin Alhaji, na tarar ya riga ya ga saƙon banki. Ya ce, "Ɗana, amana kam an riƙe, ko sau ɗaya hayata ba ta ɓata ba, kuma na bi hanyar Wudil na ga aikin da idona. Amma zauna mu yi lissafi irin namu." Ya jawo kalkuleta ya nuna mini cewa in aka haɗa hayar shekara bakwai da uwar kuɗin, nairarsa ta ninka sau biyu da 'yan kai, amma lokacin da ya saka kuɗin dala tana wajen naira 360, a ranar kuwa tana wajen 1,600, shi kuma da dala yake sayo atamfa da shadda. A lissafinsa kusan rabin ƙarfin kuɗin ya tafi. Ban sami abin da zan ce ba face gaskiya, cewa duk sarƙar da na lissafa masa a 2017 tana tsare shi ne daga cin amanar dillali da ɓatan takarda, amma faɗuwar darajar naira da hauhawar farashin da ta haura kashi 30 cikin ɗari a shekarar suna hannun masu tsara manufofin kuɗi da kasafin ƙasa, kuma da na ƙware a lokacin kamar yanzu, da na faɗa masa wannan haɗarin tun kafin ya sa hannu, na kuma hana shi zuba kuɗin da yake juyawa a sayen kaya daga waje.

Da aka fitar da wani sukuk ɗin a watan Mayun 2025, na naira biliyan 300 da haya kashi 19.75 cikin ɗari, na koma masa, a wannan karon na fara da zancen darajar naira kafin na ambaci haya. Ya saurara, ya ce kuɗin kasuwancinsa zai bar su a kaya, amma akwai dukiyar marayun ƙaninsa da ke hannunsa, wadda da naira ake biya musu kuɗin makaranta kuma ba ya son ya cakuɗa ta da tasa. Ita ya saka, ya kuma sa na rubuta masa da Hausa a takarda ɗaya sunan kowace hukuma da abin da ke hannunta da inda ake kai ƙara, ya ninke ta ya haɗa da takardun yaran.